Ɗigo Ɗaya a Idon Malam

Da izinin maigidana nake rubuta wannan. Ranar da na gaya masa niyyata cewa ya yi, "Rubuta, ko Allah zai sa wani ya tsira da idonsa. Amma kada ki rage komai, har abin da ya sa ake yi mini dariya." To, ban rage ba.

Sunana Binta, malamar firamare ce ni, muna zaune a Unguwar Sarki a nan Kaduna. Maigidana, wanda nake ce wa Malam, yara kuma su ce Abba, ma'aikacin gwamnati ne a ɓangaren ruwan sha, kuma saura ƙiris ya yi ritaya lokacin da abin ya same mu. Mutum ne da bai saba da asibiti ba. In zazzaɓi ya kama shi sai ya haɗiyi magani ya fice aiki. Ko tabaran da yake karatu da shi a Babbar Kasuwa ya saya, irin wanda ake gwada wannan a gwada wancan har a dace.

Da ƙorafin maƙwabta abin ya fara. Maman Bulus katangarmu ɗaya da ita, mutuniyar kudancin Kaduna ce, mijinta malamin sakandare. Mun daɗe muna zaman mutunci, su kawo mana shinkafar Kirsimeti, mu kai musu naman layya. Wata Asabar ta shigo ina tsinkar zogale, ta ja kujera ta zauna, fuskarta ba walwala.

"Malama, wani laifi muka yi wa Malam ne? Baban Bulus yana tsaye a ƙofar gida yana ɗaga masa hannu, ya bi ta gabansa ya wuce kamar bai san shi ba. Ba yau aka fara ba."

Na ba ta haƙuri, na ce ƙila tunanin ofis ne. Da Malam ya dawo na gaya masa, sai ya dafa ƙirji. "Ni? Wallahi ban ga kowa ba." Nan take ya zura takalmi ya je ya wanke kansa wajen maƙwabcinsa. Aka yi dariya, aka watse.

Amma daga ranar na fara sa ido. Sai na lura in na ajiye masa kofin shayi ta hagu, ko ya manta da shi har ya huce, ko ya ture shi da gwiwar hannu. Kafaɗarsa ta hagu tana yawan bugun ƙyauren ɗaki. Rannan kuma ya goge gefen mota da ƙofar gida, ya fito yana faɗa wai yara sun buɗe ƙofar rabi. A buɗe take har bango, ni na buɗe ta.

Da na ba Maman Bulus labari, sai ta kama hannuna. "Malama, kada ku yi wasa da wannan. Babana haka ya fara a ƙauye. Ba ciwo, ba ja, ba ƙaiƙayi. Ta gefe duhun ya riƙa shigo masa, kamar ana jan labule a hankali. Kafin mu kai shi asibiti sai da aka riƙe masa sanda."

Na san in na ce wa Malam ciwo gare shi, ba inda za shi. Sai na ɓullo masa ta tabarau. Na ce babban ma'aikaci kamarsa bai kamata yana yawo da tabaran kasuwa ba, ya zo mu je a auna masa na gaske. Wannan ta shige shi.

Da sassafe muka isa asibitin ido, muna ganin mun yi sammako, sai muka tarar da benci a cike. Ga mutanen Birnin Gwari, ga na Katsina, har da wani dattijo da ya ce daga Maraɗi jikarsa ta jawo shi. A nan zan yi ƙorafina, don gaskiya ce: ba mai gaya maka ƙofar da za ka nufa. Ka bi layin kati, a ce ai sai ka fara biya. Ka bi layin biya, a ce sai ka kawo takardar wancan ɗakin. Masu jinya 'yan'uwana su ne suka riƙa nuna mini hanya, Allah ya saka musu. Malam kuwa sai tsaki yake yana duba agogo, yana cewa duk wannan a kan tabarau.

Bayan azahar aka kira mu. Aka sa ya rufe ido ɗaya ya karanta haruffa, ya karanta tsaf har na ƙasa, ya waigo ya dube ni irin ta "kin gani ko". Sai aka ɗiga masa wani abu, aka kawo wata na'ura mai shuɗiyar wuta dab da ƙwayar idon. Ma'aikaciyar da ta auna ta sake aunawa, sannan ta tashi ta kira likita. Daga nan aka kai shi wani ɗaki, ya sa kansa cikin wani abu kamar ƙwarya, aka ba shi maɓalli a hannu, aka ce duk sanda ya ga ɗigon haske ya danna. Ina zaune a bayansa ina ganin haske yana ƙyaftawa ta hagu, hannun Malam bai motsa ba. 

Likitar mace ce, yarinya ƙarama. Malam ya raɗa mini cewa ai wannan sa'ar Sadiya ce, 'yarmu ta biyu. Amma da ta buɗe baki sai ya gyara zama.

"Baba, wane aiki kake yi?"

"Ruwa muke raba wa gari."

"To ai ka fi ni sanin abin da zan faɗa. A cikin ido akwai wani ruwa, ba hawaye ba, na ciki ne, kullum yana shiga yana fita. In magudanar ta cushe, ruwan kuma bai daina shigowa ba, me zai faru?"

"Ƙarfinsa ya hau," in ji Malam, "ya ci inda ya fi rauni."

"Inda ya fi rauni a ido shi ne jijiyar gani. Shi ne ake ce wa hawan jinin ido, mu a nan mu ce gilakoma. Ba shi ne hawan jinin da ka sani ba, sunan ne kawai ya zo ɗaya. Ta gefe yake fara ci, shi ya sa kake karatu lafiya lau, amma ba ka ganin na kusa da kafaɗarka."

Sai ta faɗi maganar da har yau nake jinta a kunnena. Ta ce abin da ya tafi ba zai dawo ba. Idon hagu ya yi asarar gefe mai yawa. Na dama kuwa da sauransa sosai, kuma in muka riƙe magani, da yardar Allah da shi zai ƙare rayuwarsa. Ta ƙara da cewa ya haƙura da tuƙi. Malam ya yi salati a hankali, ya cire hularsa ya mayar.

Maganin da ta rubuta wata 'yar kwalba ce da ba ta kai ɗan yatsana ba. Ɗigo ɗaya a kowane ido, sau ɗaya a yini, kafin a kwanta. Malam ya juya kwalbar a tafin hannu ya ce shi fa bai ga yadda wannan za ta yashe magudana ba.

Likita ta yi murmushi. "Ba yashewa take ba, Baba, wata hanyar take buɗewa ta gefe. Jikin mutum da kansa yana haɗa wani sinadari mai kai saƙo, sunansa furostagilandin. Amma saƙon ba ya aiki sai inda ya tarar da kwaɗon da ya dace da shi. A naman cikin idonka akwai irin wannan kwaɗo ba iyaka, ƙanana ƙwarai. Maganin nan mabuɗi ne da aka yanka daidai da na jiki. Yana shiga kwaɗon, naman ya saki, ruwan ya sami wajen tsiyayewa."

"Wa ya sa kwaɗon a wurin?"

"Allah ya sa, tun kana ciki. Cikin ƙwayoyin halittar da ka gada daga iyayenka akwai guda ɗaya da aikinta ke nan, ita ke ɗauke da tsarin yadda za a ƙera kwaɗon. Har suna gare ta." Ta jero masa haruffan ɗaya bayan ɗaya: PTGFR.

"Wannan ai lambar mota ce," in ji Malam. Dariyarsa ta farko ke nan a ranar.

Makon farko bai zo mana da daɗi ba. Bayan isha'i nake ɗiga masa, ya rufe ido, in danne masa kusurwar da ke wajen hanci kamar yadda aka koya mini, in goge abin da ya zubo. Maganin yana yi masa zafi, kafin kwana kaɗan idon ya kaɗa ya yi jawur. A ofis aka fara tambayarsa ko ciwon ido ya kama shi. Ga mota a lulluɓe da tamfol, ga shi yana tsayuwa bakin titi yana tare keke napep kamar ɗan makaranta. Ya dawo gida yana cewa da lafiyarsa ƙalau sai da na kai shi asibiti.

Ana cikin haka Yaya Asabe ta iso daga Rigachikun. Yayar Malam ce, ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har yau in ta yi magana ba ya ɗaga kai. Ta dubi idon ta riƙe baki.

"Binta, wannan wane irin magani ne da zai mayar da ido garwashi? A daina sa masa."

Ta kwance ƙullinta: ga zuma farar saƙa, ga tozali da ta ce daga Makka aka kawo mata. Ta kuma zo da labarin wani mutum da ke zuwa ranar kasuwa, wai da ɗan tsinkensa yake kawar da duhun ido, mutum ya tashi yana gani a take. Ta riga ta yi masa maganar ƙaninta.

A ranar Malam ya ce in ajiye kwalbar. Washegari ma haka. Ina ji ina gani ruwan yana taruwa a idon da ya rage mana, ba yadda zan yi. In na yi gardama da Yaya, na zama matar da ta raina dangin miji. Sai na durƙusa gabanta bayan ta idar da walaha.

"Yaya, ba na ja da maganarki. Alfarma ɗaya nake roƙo. Ki raka mu wajen likitar, ki yi mata faɗan da kanki. In ba ta gamsar da ke ba, duk abin da kika ce shi za a yi."

Faɗa kuwa Yaya tana sonsa. Ta ɗaura ɗankwali muka tafi.

Likitar ta bar ta ta gama tas, sannan ta ce, "Hajiya, kin yi gaskiya, idon ya yi ja. Alama ce mabuɗin ya shiga, har jijiyoyin jinin da ke farin ido sun buɗe. Zai lafa. Mai tsinke kuwa yanar ido yake turewa, kuma ciwon Baba ba yana ba ce. Ko masu yanar ma da yawa a nan suke ƙarewa ido ya lalace. In ya taɓa idon nan, kin raba ƙaninki da ganinsa." Sai ta karkata kai. "Uwa ɗaya uba ɗaya kuke?"

"Ciki ɗaya muka fito."

"To zo ki zauna a nan. Ciwon nan yana bin jini."

Yaya ta ce ita da take zura zare a allura ba tabarau. Amma ta zauna. Aka auna, aka sake aunawa. Nata ma ya hau, sai dai Allah ya taimaka bai riga ya yi ɓarna ba. Muka hau keke muka kamo hanyar gida har muka wuce Kawo. Can sai ta ce, "Zumar nan ku sha shayi da ita." A ranar da kanta ta riƙe kan Malam na ɗiga masa, ni kuma na ɗiga mata.

Maganar tsada ba zan ɓoye ta ba. Kwalbar ƙarama ce amma ba ta san albashi ba, kuma kusan duk sayen da za mu yi sai mun tarar ta ƙara kuɗi. Wani lokaci a ce babu a asibiti, sai na zaga shagunan magani na cikin gari. An nuna mini mai araha a kasuwa, likita ta ce kada in kuskura, don ba a san zafin ranar da ta sha ba. Ita kwalbar da ba a buɗe ba sanyi take so, mu kuwa wutarmu sai ta ga dama. Maman Bulus ce ta ware mana wuri a firjinta mai aiki da hasken rana, kusa da kwanon man shanunta. Nama ya ragu a miyarmu, amma ba a sake tsallake ɗigo ba. Da azumi ya zo ma ba mu sami matsala ba, tunda bayan an sha ruwa ake sawa.

Ja ya lafa kamar yadda aka ce. Ranar da muka koma awo, ma'aikaciyar ta duba na'urar ta ce, "Baba, ka ci jarrabawa." Likita ta ce ƙarfin ruwan ya sauka daidai inda take so. Malam ya tashi tsaye a ɗakin yana ta "Alhamdu lillahi", ya fito ya bi benci yana gaya wa mutanen da bai sani ba su riƙe magani. A hanya ya sa mai keke ya tsaya, ya saya mana tsire har da na gidan Baban Bulus.

Sai kuma abin dariyar ya zo. Da damina ta yi nisa, wata safiya yana karatu a tsakar gida, na ga yana ta goge tabarau. Na matso na duba. Gashin idonsa ne ke sharar gilashin. Ya yi tsawo, ya yi baƙi, ya lanƙwaso sama zara-zara irin wanda 'yan mata ke liƙawa ranar biki. Fatar da ke kewaye da idon kuma ta ɗan yi duhu kamar an zizara masa kwalli. Ga furfura a gemu, ga ido irin na amarya. A masallaci abokansa suka sa masa suna Ango. A wajen wani suna wata mata ta ja ni gefe da gaske tana tambaya wane kwalli nake saya wa maigida. Da farko ya so ya sa almakashi, daga baya ya zama shi ke tsokanar kansa. In zai fita sai ya tsaya gabana ya ƙyafta ya ce, "Malama, ki riƙe mijinki da kyau."

Sadiya ta zo ganin mahaifinta, a lokacin tana da ƙaramin ciki. Tana ganinsa ta faɗi kan kujera don dariya, ta ce wallahi sai an sam mata ɗigo ɗaya. Mun ɗauka wasa ne. Amma da na ba likita labarin ina dariya, ita ba ta yi ba.

"Irin kwaɗon nan akwai shi a tushen gashin ido, shi ya sa gashin Baba ya samu taki. Akwai shi kuma a mahaifa, Malama, kuma can aikinsa sa mahaifa ta matse ne. Ko mai cikin da ke da ciwon sai mun yi dogon tunani kafin mu ba ta. Maganin nan ba kayan kwalliya ba ne."

Ina komawa gida na buga wa Sadiya waya, na kuma canja wa kwalbar wurin zama.

Yaya Asabe ce ba ta yi sa'ar farko ba. Magani ɗaya suke sawa da ƙaninta, amma nata ƙarfin ruwan bai sauka sosai ba. Likita ta ce haka abin yake, mabuɗi ɗaya ne amma jiki ya bambanta, wani kwaɗonsa ya karɓa da wuri, wani ya cije, ko da ciki ɗaya aka fito, kuma masana ma har yanzu suna kan binciken dalilin. Ta canja mata wani maganin mai rage shigowar ruwan, safe da yamma. Wannan ya karɓe ta. Abin da ya dame ta ɗaya ne. "Wannan wane irin rabo ne," in ji ta, "ni mace a hana ni gashin ido, a ba tsoho mai gemu?" Ita ce kuma ta tattaro sauran ƙannensu da 'ya'yanmu duka, ta kora su awo kamar mai kora awaki. An sami ƙaninsu guda da ake sa wa ido, sauran lafiya.

Abin da nake so mai karatu ya ɗauka ke nan. Wannan ciwo ba ya sallama. Kada ka ce kana karanta jarida, don haka idonka lafiya. In ka fara manyanta, ko a danginku akwai wanda ya makance ba a san dalili ba, je a auna maka ƙarfin ruwan ido, ba tabarau kaɗai ba. In an ba ka magani kada ka daina don ido ya yi ja, ko don ka ji sauƙi, koma ka tambaya. Layin asibiti da tsawo, amma yana ƙarewa.

Saura maganar mota. Ta daɗe a lulluɓe har kaji suka fara ƙwai a ƙarƙashinta. Da aka yi dogon hutu, na roƙi Maman Bulus ta koya mini tuƙi a filin makarantarmu. Ina da jikoki, amma na zauna tana yi mini tsawa kamar 'yar aji ɗaya. Malam ya ce shi dai ba zai shiga ba, me mutane za su ce, a ga mace tana jan sa a gari. Na ci gaba da koyo, har na karɓi lasisi.

Ranar wata Lahadi za mu gaida Yaya a Rigachikun. Ya fita neman keke, hadari ya haɗo, ya dawo ya tarar na tayar da mota. Ya tsaya ya dube ni, ya dubi sama, ya buɗe ƙofar gaba ya zauna, ya ja hularsa har gira. Har muka hau babban titi sai taka birkin da babu shi yake yi da ƙafa. A Kawo cunkoso ya tsayar da mu, sai ga wani abokin aikinsa a motar da ke damanmu, ya leƙo yana ƙare mana kallo. Na ce a raina yau Malam zai nutse cikin kujera.

Sai na ji ya sauke gilashi. Ya tura hularsa baya, ya ɗaga murya yadda har masu tallan ruwa suka waigo.

"Alhaji, barka da hutawa! Ka ga ritayar manya ko? Har direba aka ba ni, kuma mai digiri!"

Hanya ta buɗe, na sa giya. Ya gyara zama ya ce, "Mu je, Malama. Ke ki duba gefe, ni zan duba gaba."